Kai ƙananan yara kallon barade a Medieval Times: wa za a tafi da shi, wa za a bari a gida?

Tambaya: "Assalamu alaikum Anti. Muna zaune kusa da Baltimore a jihar Maryland. Maigidana ya dage sai ya kai mu Medieval Times ɗin nan na cikin kasuwar Arundel Mills, inda ake cin abinci ana kallon mahaya dawakai cikin sulke suna gwabzawa. Yaranmu uku: babban shekararsa bakwai, mai bi masa mace ce 'yar shekara huɗu, sai auta da bai cika biyu ba. Shi Baban nasu cewa yake ai kamar hawan sallah ne, mu ma a goye aka fara kai mu. Ni dai hankalina bai kwanta ba, don ita macen ko injin share ɗaki aka kunna sai ta toshe kunne ta gudu. Mu tafi da su duka, ko mu jira su ƙara wayo? Abincin kuma fa, za mu iya ci?"

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya mana su, ya shirya su. In na fahimce ki, abu biyu ne ke damunki: ko yara uku, daga ɗan shekara bakwai har zuwa na goye, za su iya zaman wurin nan lafiya, da kuma ko akwai abin da za ku ci hankali kwance. Aikina koyar da 'yan shekara uku zuwa biyar ne a nan Amurka, na daɗe a kansa, kuma na sha raka yara irin waɗannan wurare, da na makaranta da nawa na gida. Ga yadda na ga lamarin: babban ku tafi da shi, zai daɗe yana ba da labari. Macen za ta iya zuwa, amma sai an shirya ta tun daga gida. Autan kuwa, in akwai wanda za ki bar wa, ki bar shi.

Abin da za ku tarar

Kamfanin daga Sifaniya ya samo asali, kuma reshensa na farko a Amurka an buɗe shi ne a garin Kissimmee na jihar Fulorida a 1983. Yanzu rassa goma ne, tara a Amurka, ɗaya a Toronto ta Kanada. Naku na Hanover, garin da kasuwar Arundel Mills take, a 2003 aka buɗe shi. Tsarinsu kusan ɗaya ne ko'ina, kuma labarin an ɗora shi a kan wata fada ta Sifaniya a ƙarni na 11.

Da kun shiga za a ba kowa hular sarauta ta takarda mai launi, launin nan shi ne ɓangarenku, shi ne kuma na barden da za ku riƙa yi wa kirari. Barade shida ne, 'yan kallo ma kashi shida. Daga nan sai wani babban zaure na jira, mai shagunan takubban wasa da tutoci da wurin sayar da abin sha. In lokaci ya yi a kira ku launi-launi ku shiga fili. Filin na rairayi ne, a rufe yake ruf, kujeru hawa-hawa sun kewaye shi, kowane layi da dogon tebur siriri a gabansa, yana kuma ɗaukar mutum wajen dubu.

Wasan kusan awa biyu ne. Ana farawa da kashe fitilu, a saki hayaƙi, kiɗa ya tashi da ƙarfi. Sai a gabatar da barade, a fara raba abinci yayin da dawakai ke nuna horon da aka yi musu. Da yawansu dawakan Andalus ne, kamfanin ke kiwonsu a gonarsa da ke Sanger a jihar Texas, kuma ko ba don komai ba, kallon dawakan nan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Akwai mai shaho da ke sakinsa ya yi shawagi a kan 'yan kallo. Sai gasa: sukuwa a ɗauki zobe da tsinin mashi, jifa da mashi, cafe tuta. Wanda ya yi nasara a ba shi furanni ya jefa wa mutanen ɓangarensa. Duk wannan mai sauƙi ne. Can wajen ƙarshe ake sauko da raga tsakanin fili da jama'a, a fara karo da mashi a kan dawakai, itace na tarwatsewa, mahayi ya faɗo, a ci gaba da faɗa a ƙasa da takobi da gatari da garkuwa, tartsatsi na tashi. Ba jini. Amma wanda aka rinjaya yakan zube kamar matacce, a zo a fitar da shi.

Na jera miki haka ne don ki ga inda wuyar take. Mintunan farko na duhu da ƙara, sai tsakiya inda ake dogon zancen fada da Turanci mai nauyi wanda ƙaramin yaro ba ya bi, sai faɗan ƙarshe, wanda ke zuwa daidai lokacin da yaro ya ƙoshi, ya gaji, barci ya fara ɗibarsa.

Maganar hawan sallah

Maigidan naki bai yi kuskure duka ba. Dawakai ne da ado, da sarauta, da sulke da kwalkwali, da kaɗe-kaɗe, da ihun jama'a. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe, in ya shiga wurin nan sai zuciyarsa ta motsa. Ta fuskar ƙara ma, 'yan bindigar sarki in sun saki albarushi ba wasa ba ne.

Inda suka rabu shi ne inda ya shafi yaro. Hawa da rana ake yinsa, a sarari, ƙara na watsewa sama. Yaron yana bayan uwarsa ko a wuyan yayansa, in ya firgita a ja da baya, a shiga lungu, a sayo masa alewa, a dawo. Ba wanda ya biya kuɗin kujera balle ya ji asara. Sannan a hawa ba wanda ake kashewa. Mahaya sukan zo a guje su ja linzami a gaban sarki su yi jinjina, shi ke nan. A nan kuwa ɗaki ne mai duhu, lasifika ta kowace kusurwa, kina zaune a tsakiyar layi da kwanon miya mai zafi a gabanki, kuma ƙarshen wasan shi ne mutumin da aka ce wa yarinya "wannan namu ne" a sare shi ya faɗi a kan idonta. Ki gaya wa Baban nasu haka cikin lalama. Ina jin kewar gida ce ke jansa, kuma abu ne mai kyau ya so 'ya'yansa su ga doki.

'Yar shekara huɗun

A kanta zan fi tsayawa, don ita ce za a iya ci ko a faɗi. Yaro a wannan shekaru bai gama raba wasa da gaske ba. Ya san kalmar "wasa", yana ma yinsa kullum, amma in abu ya zo masa da girma da ƙara da duhu, abin da idonsa ya gani shi yake ɗauka. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wisconsin, wadda ta shafe shekaru tana binciken abin da ke firgita yara a talabijin da fina-finai, ta nuna cewa ƙananan yara kamannin abu ne ke tsorata su, ko da abin ba mai cutarwa ba ne, su kuma waɗanda suka ɗan tasa abin da zai iya faruwa da gaske ya fi damunsu. Ta kuma nuna cewa ce wa ƙaramin yaro "ba gaske ba ne" ba ya yi masa amfani kamar yadda yake yi wa babba. Abin da ke aiki a kansa shi ne a rungume shi, a ba shi abin da zai riƙe, ko kuma a saba masa da abin a hankali tun kafin ya gamu da shi. Abin da nake gani a aji ya yi daidai da wannan. Ke nan in kika bari sai an kashe fitilu sannan ki fara raɗa mata "wasa ne, wasa ne", kin makara.

Ki fara kamar mako guda kafin ranar. Akwai bidiyon wasan da yawa a YouTube. Ki zauna da ita a cinyarki ku kalla da rana, sauti ƙasa-ƙasa, dawakai da shaho tukuna. Washegari ki ɗan ƙara sautin, ki kai ga wurin faɗan. Ki lura da jikinta fiye da bakinta, don yara kan ce "ina so" saboda yayansu ya ce yana so. In ta matso tana tambaya, alama ce mai kyau. In ta sandare, ko ta juya baya, ko ta sauka ta bar ɗakin, ta ba ki amsa ke nan, kuma bana ba shekararta ba ce.

Sannan ku yi wasan a gida, a nan ne kuma Babanta zai yi amfani. Ya ɗauki kwalin da aka naɗe, ita ma ta ɗauka, su kara, ta "sare" shi ya zube a kan kafet ya yi lamo, can ya tashi yana dariya. A maimaita, a juya, ita ta faɗi ta tashi. Yarinyar da ta kashe Babanta sau da yawa a falo ta ga ya miƙe ya nemi shayi, ta fahimci abin da dogon bayani ba zai koya mata ba. In bardenku ya faɗi a fili, abin da za ki ce mata kawai shi ne "irin na Baba ne".

Akwai lissafin da iyaye ba su cika yi ba. Barade shida ne, ɗaya ke cin gasa, don haka kashi biyar cikin shida na 'yan kallo nasu zai sha kaye. Manya sukan yi dariya su koma bayan wani. Yaro kuwa an ɗora masa hula mai launin mutumin, an ba shi tuta, ya shafe fiye da awa yana kiransa, wataƙila ma mutumin ya ɗago masa hannu. Na taɓa raka wani yaro ɗan shekara biyar da bai ko ƙifta ido ba lokacin karo da masu, amma da aka ja barden ɓangarenmu aka fitar sai ya fashe da kuka, kuma da muka koma makaranta tambayar da ya tare ni da ita ita ce wa zai riƙa ba dokin mutumin abinci yanzu. Tun daga gida ki gaya mata cewa mai yiwuwa naku ba zai ci ba, zai faɗi, za a fitar da shi, amma a ƙarshe duk za su dawo su gaishe da mutane. Haka ɗin ake yi, suna dawowa. Ki ba ta aikin nemo shi in sun fito, ki kuma daure kada ku tashi kafin wannan fitowar, in dai ba dole ba.

Batun kunne, tunda kin ce injin share ɗaki ma yana korarta: ki saya mata abin rufe kunne na yara, mai kama da na sauraron waƙa, irin wanda ma'aikatan filin jirgi ke sawa. Ana samunsa a manyan kantuna a kan dala 20 zuwa 30. Kada ki sayi ƙananan na soso da ake cusawa cikin kunne, ba sa zama daidai a kunnen yaro, kuma auta zai iya jefawa a baki. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na tsawon awa takwas a matsayin iyaka ga babban mutum a wurin aiki, duk ƙarin desibel 3 kuma yana rage lokacin da rabi, abin da ke nuna cewa ƙara kaɗan ce ke raba mai sauƙi da mai cutarwa. Ba ina nufin zaman awa biyu zai kurmantar da ita ba. Amfanin abin a wurinta shi ne yana rage firgitar farat ɗaya, yana kuma ba ta ikon kanta: ta sa in ta so, ta cire in ta so. Ta fara sawa a gida, ta gwada shi da injin nan da take tsoro. Ki sa mata kafin a kashe fitilu, ba bayan ta fara kuka ba.

Abu na ƙarshe a kanta ya shafi bakinmu mu manya. Mun taso ana ce mana "ba ki jin kunya, ƙatuwa da ke", kuma ba da mugunta ake faɗa ba. Amma yarinyar da ta san za a yi mata dariya sai ta haɗiye tsoron, ya fito da dare, ta farka tana kuka ko ta jiƙa shimfiɗa. Ki ja kunnen yayanta kada ya tsokane ta. Ku yi wata alama tsakaninku, ko matse hannu sau biyu, wadda ke nufin "mu fita". In ta yi, ku fita zauren ba tare da ja-in-ja ba. Sau da yawa bayan ɗan lokaci su da kansu suke cewa a koma, saboda sun tabbatar ƙofar a buɗe take.

Auta, da batun lafiya

Abin da ke jan iyaye shi ne ɗan ƙasa da shekara uku ba a biya masa in zai zauna a cinya ya ci daga farantin uwarsa. Sai a ce ai kyauta ne. Amma ki duba: yaron da ya fara tatata ba ya zama a cinya minti goma, balle awa biyu, a bayan tebur siriri mai miya da kofuna, ga matakala a duhu. Ba abin da zai fahimta, ba abin da zai tuna. Mai shekara ɗaya zuwa biyu yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini, kuma duk lokacin da kuka zaɓa sai ya ci karo da na rana ko na dare. Ƙarshenta ke ce za ki ƙare a zaure kina jijjiga, kin biya cikakken tikiti ba ki ga komai ba, ita kuma macen da ta fi buƙatar cinyarki ta rasa. Jaririn wata huɗu da zai sha nono ya yi barci da abin rufe kunne ya fi ɗan wata ashirin sauƙin sha'ani a wurin nan.

In a cikin yaran akwai mai asma, ku tuna dawakai ne a rufaffen wuri, ga ƙurar rairayi, ga hayaƙin wasa. Ku tafi da abin shaƙarsa, kada ku zauna layin gaba. Ana kuma amfani da fitilu masu walƙiya. Cikin masu farfaɗiya, wajen kashi 3 cikin 100 ne irin wannan haske ke tayar musu da ciwon, amma in akwai mai ita a gidan, likitansa za a tambaya, ba ni ba. Ni malama ce, kuma ban ga yaranki ba.

Abinci

Abin da aka saba kawowa shi ne burodi mai tafarnuwa, miyar tumatir da ake kurɓa daga kwano, rabin gasasshiyar kaza, masara, dankalin turawa, kayan zaƙi, da lemo. Ba cokali, da hannu ake ci, kuma za ki ga Amurkawa na ta murna da wannan kamar sun yi abin bajinta. Yaranmu a nan su ne gwanaye. A wanke hannu kafin a shiga, ki kuma riƙe tsumman goge hannu mai jiƙa a jaka.

Kazar ba a tallata ta a matsayin yankan Musulmi. Kin san malamai sun saɓa a kan naman kantunan ƙasashen nan: wasu sun halatta bisa ayar Suratul Ma'ida da ta yi magana a kan abincin Ma'abota Littafi, wasu sun hana saboda yadda ake yanka a masana'antu. Ba ni da hurumin fatawa, kuma na tabbata gidanku yana da matsayar da kuke bi in kun shiga sauran gidajen abinci. Ita za ku bi a nan. In ba kwa ci, akwai farantin marasa cin nama: kwaɗon hummus da burodin Larabawa, ɗanyen karas, da faten wake da shinkafa. Ki faɗa tun wajen sayen tikiti, ki sake faɗa wa mai raba abinci da zarar kun zauna, kafin ya ɗauko tire. An taɓa yin lokacin da ake haɗawa da haƙarƙari, wanda a gidajen abincin Amurka galibi na alade ne, don haka ko nan ko wani wuri makamancinsa, kamar Tournament of Kings na otal ɗin Excalibur a Las Vegas, ki duba jerin abincin na yanzu kafin ki biya.

Ki kuma sani ana sayar da giya a zauren, ana kawo wa mutane har kujerunsu, kuma teburin dogo ne da za ku raba da baƙi. Wasu iyalai wannan kaɗai ya isa ya hana su zuwa, kuma ina girmama hakan. A iya abin da na gani, wasan rana ya fi cika da iyalai da yara, na daren Asabar kuma ya fi tara masu bikin ranar haihuwa da shaye-shaye.

Shawarata ki ciyar da yaran kafin ku bar gida, ki ɗauki abincin can a matsayin ƙari. Yaron da ke jin yunwa ga duhu ga ƙara, rigima biyu ce ta haɗu. In za su ci kazar, ke ki zare wa macen ƙashi ki yayyaga mata, ko da hasken waya ne a ƙasan tebur, don yaro na kallon doki ba ya duba abin da yake kai wa baki, kuma 'yan shekara huɗu zuwa ƙasa su ne suka fi shiga haɗarin abu ya maƙale musu a wuya. Miyar da zafinta take zuwa, ki tura ta gabanki ta huce. Ki roƙa musu ruwa a maimakon lemon kwalba mai sa ido ya bushe. Za a kuma gargaɗe ku kada a buga faranti a tebur don yana razana dawakai, gara ki riga su gaya wa babban.

Lokaci, kujera da aljihu

Ku zaɓi wasan rana na ƙarshen mako. Ga barcin yara, ga salla: a Baltimore rana kan faɗi kafin ƙarfe biyar a watan Disamba, a Yuni kuma sai wajen takwas da rabi, don haka wasan yamma zai iya cinye muku Magariba ko La'asar gwargwadon watan da kuka je. Ku duba jadawalin salla kafin ku zaɓi lokaci.

Ana buɗe ƙofa wajen awa guda kafin wasa. Mai ƙananan yara ba ya buƙatar wannan awar duka, don haƙurin yaro kaɗan ne, in ya ƙare a zauren jira ba sauran na cikin fili. Ku isa da ɗan sarari, a kai kowa bayi, a shiga. A wasu rassan akwai ɗan ɗakin da ake nuna kayan azabtar da fursunoni na zamanin da, ana biyan kuɗi daban. Ko kyauta ne kada ki shiga da su, har babban.

Za a yi muku tayin ƙarin kuɗi don kujerun gaba. Ga manya da yara masu wayo yana da daɗi, ga 'yarki kuwa kusanci da ƙarar ƙarfe ne kawai. Abin da za ki roƙa shi ne kujerar bakin hanya, inda za ki iya zamewa ba tare da kin tayar da mutum goma ba. Tikitin manya ya haura dala 60, na 'yan shekara 12 zuwa ƙasa ya fi sauƙi, ana yawan yin rangwame a shafinsu, kuma farashi na canzawa. Tukuicin mai raba abinci ba ya ciki, ku ware shi. Hoto, tuta, takobi mai haske, duk daban ne. Ki yi yarjejeniya da yaran a mota: abu ɗaya kowa, kuma bayan an tashi za a saya. Takobin da aka saya kafin wasa a kan maƙwabci yake ƙarewa.

Babban yaron

Shi tambayoyi zai kawo miki, gara ki shirya. Zai tambaya ko da gaske ake yi. Faɗan shiryayye ne, an san wanda zai faɗi, masun an yi su ne don su tarwatse, amma hawan dokin da faɗowar na gaske ne, mahayan sukan daɗe suna koyo, daga masu hidimar dawakai suke farawa. Zai tambaya ko a da mutane na mutuwa. Suna mutuwa: Sarkin Faransa Henri na Biyu a irin wannan karo ɓallin mashi ya shige masa ta ido a 1559, ya rasu bayan kwana goma. In mai son gardama ne, ki ba shi wannan ya kai wa malaminsa: tumatir da dankali da masarar da ke farantinsa duk daga nahiyar Amurka suka fito, ba wanda ya san su a Sifaniya sai bayan 1492.

Akwai kuma abin da wasan ba ya faɗa. Ban ga an kawo zancen addini a cikinsa ba, gasar fada ce kawai. Amma Sifaniyar ƙarni na 11 babban ɓangarenta Andalus ce ta Musulmi. A ƙarnin ne birnin Toledo ya fita daga hannunsu a 1085, shekara guda bayan haka sarkin Musulmi Yusuf bin Tashfin ya ƙetaro daga Maroko ya ci yaƙin Zallaƙa. Sulken da zai gani ma ba baƙonmu ba ne, don tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka fara amfani da lifidi da kwalkwali da sulke. Wannan hira ta Babansa ce, a hanyar komawa gida, da hotunan hawa a waya in yana da su.

In kuka rasa mai riƙe auta, ni abin da zan zaɓa shi ne Baban ya tafi da babban su biyu wannan karon, ya dawo ya ba ki labarin yadda ƙarar take, macen ta bi su baɗi. In kuma kuka yanke tafiya gaba ɗaya, ku tsayar tun a gida wanda zai tashi da yaro in kuka ya ɓarke, kuma ki yi ƙoƙari ya zama Baban ne mai fita da auta, ke ki zauna da macen.